Duniyar Zobe a Wasan Stellaris

Duniyar zobe wani ƙaton gini ne na ƙirƙira da ke kewaye tauraro baki ɗaya, kamar yadda ganuwa ke kewaye birni, wanda aka tanada domin halittu su zauna a fuskarsa ta ciki mai kallon hasken tauraron. Ba a taɓa gina irinsa ba, sai dai ya yi suna a labaran ƙagen kimiyya da wasannin kwamfuta, musamman a Stellaris, wasan dabarun mulkin sararin samaniya da kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar ranar 9 ga Mayu, 2016.

Tunanin ya girmi wasan da shekaru masu yawa. A 1960 masanin kimiyya Freeman Dyson ya kawo shawarar cewa al'ummar da ta yi nisa a fasaha za ta iya kewaye tauraronta da gine-gine domin tattara makamashinsa. A 1970 marubuci Larry Niven na Amurka ya taƙaita wannan tunani zuwa zobe guda a littafinsa Ringworld. Zoben nasa yana nesa da tauraronsa kimanin kilomita miliyan 150, daidai da tazarar da ke tsakanin duniyarmu da rana, faɗinsa kuwa kimanin kilomita miliyan 1.6 ne, don haka filin zamansa ya ninka na duniya kusan sau miliyan uku.

Abin da ke riƙe mutum a kan zoben shi ne juyawa. Duk wanda ya ga yaro a bakin rijiya yana wulwula guga cike da ruwa ba tare da ruwan ya zube ba ya ga ƙa'idar da idonsa. Domin mazauna su ji nauyi kusan irin na duniya, dole zoben ya riƙa gudun kimanin kilomita 1,200 a daƙiƙa guda, wato ya shafe tazarar Katsina zuwa Daura, mai kusan kilomita 80, har sau goma sha biyar kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu. A gefunansa biyu akwai katangu masu tsananin tsawo, waɗanda aikinsu hana iska tsiyayewa zuwa sarari ne.

A Stellaris, inda labari ke farawa a shekara ta 2200, zoben yana da sassa huɗu da za a iya zama a cikinsu, kuma wasan yana ɗaukar kowane sashe tamkar duniya mai zaman kanta da ta dace da kowace irin halitta. Ƙarin wasan mai suna Utopia, wanda ya fito a Afrilun 2017, shi ne ya ba ɗan wasa damar gina sabon zobe. Aikin yana cin shekaru masu yawa na lokacin wasa da tarin gaurayen ƙarfe, yana kuma cinye duniyoyin da ke kewaya tauraron, domin su ake rushewa a yi kayan gini.

Sai dai zoben da ya fi jan hankali shi ne wanda aka tarar a matsayin kufai. Shahararren misali shi ne na Cybrex, wasu na'urori masu tunani da labarin wasan ya ce sun ƙaddamar da yaƙin shafe duk wani mai rai, daga baya suka yi nadama suka janye zuwa zobensu, inda abokan gaba suka cim musu suka ragargaza shi. Ɗan wasa ba ya ganin wurin sai masana kimiyyarsa sun bi sawun kayan tarihin da Cybrex suka bari, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda masu haƙar tarihi ke karanta zamanin da ya shuɗe daga tuddan Durɓi ta Kusheyi. Akwai kuma Sanctuary, zoben da ke tsaye da ƙafafunsa, wanda tsofaffin makamai masu sarrafa kansu ke gadi, ga al'ummomi a cikinsa da ba su kai ga fasahar tafiya sararin samaniya ba. Tun daga ƙarin Federations na Maris 2020, ɗan wasa na iya fara mulkinsa a kan sashe guda na fasasshen zobe.

Ta fuskar dabara, kufan ya fi sabon gini riba, domin gyara ya fi ginawa daga tushe sauƙi, ko da yake shi ma sai an mallaki ilimin manyan gine-gine. Wannan ne ya sa tauraron da ke da rusasshen zobe ya cancanci a yi hanzarin kafa masa iyaka tun kafin a sami halin gyara shi.

Akwai abin da wasan ya kawar da kai daga gare shi. Zobe mai ƙarfi guda ba ya iya daidaita a kewayen tauraro: da zarar ya ɗan goce, ƙarfin fizgar tauraron zai ƙara janyo ɓangaren da ya matso har ya yi karo da shi. James Clerk Maxwell ya nuna makamancin haka game da zobban duniyar Saturn tun 1859, kuma masu karatu sun tunatar da Niven wannan aibi har ya ƙara wa zobensa injunan daidaita matsayi a littafin da ya biyo baya a 1980. Haka kuma babu wani ƙarfe da aka sani wanda zai jure wa irin wannan juyawa ba tare da ya tsinke ba.