Wane ne "Bluebeard", Mai Shuɗin Gemu?

Idan jaridun Turai suka kira mutum "Bluebeard", ko "Barbe Bleue" da Faransanci, ba launin gemunsa suke nufi ba. Suna nufin namijin da ke auren mata ko yaudararsu ɗaya bayan ɗaya yana kashe su. Sunan ya fito ne daga wata tatsuniyar Faransa da Charles Perrault ya buga a 1697, cikin littafi ɗaya da labarin Cinderella.

Wani attajiri ne mai shuɗin gemu, ya auri mata da dama, babu wanda ya san inda suka shige. Da ya yi sabuwar amarya sai ya ce tafiya ta kama shi. Ya damƙa mata makullan gidan kaf, ya ce ta buɗe duk inda ranta ya so, ban da wani ɗan ɗaki guda. Ta kasa daurewa. Tana buɗewa ta ga jini ya daskare a ƙasa, ga gawarwakin matansa na baya ɗaure a jikin bango. Makullin ya suɓuce mata ya faɗa cikin jinin. Ta wanke, ta dirje da yashi, amma in ta goge nan sai jinin ya ɓullo can. Makullin nan ne ya tona ta. Da mijin ya dawo ya gani, ya zare wuƙa zai yanka ta, ta roƙi ɗan lokaci ta yi addu'a, 'yar'uwarta Anne tana saman hasumiya tana leƙen hanya. Ƙurar farko da ta hango ta garken tumaki ce. Da ƙyar 'yan'uwansu maza biyu suka iso a kan dawakai suka kashe shi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne darasin da Perrault ya fara ɗorawa a ƙarshe: wai son ganin ƙwaƙwaf yana jawo nadama. Mutum ya cika ɗaki da gawa, amma matar da ta buɗe ƙofa ake yi wa faɗa!

Waɗanda suka sake labarin daga baya ba su bar shi haka ba. A wasan waƙe na Béla Bartók, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Hungary, wanda aka fara nunawa a Budapest a 1918, ƙofofin sun zama bakwai, kowace tana buɗe wani ɓoyayyen sashe na rayuwar mijin. Marubuciya Angela Carter ta Ingila kuwa, a 1979, ta cire 'yan'uwa mazan, ta sa uwar amaryar ce ta zo a kan doki ta harbe surukin.

Laƙabin ya kama mutum na gaske a Faransa: Henri Landru, wanda ya riƙa sa tallar neman aure a jaridu lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana farautar mata, galibi zawarawa masu ɗan abin hannu. Kotu ta same shi da laifin kashe mata 10 da ɗan ɗaya daga cikinsu, aka fille masa kai a Versailles a 1922.