Tsuntsun kurmin tsauni ba shi da wani gidan komawa

Jama'a barkanmu da war haka. Duk sanda muka fita wayar da kai kan sare kurmin kan tsauni sai wani ya ce min, malam ai tsuntsu na da fiffike, in an sare nan ya tashi ya koma can. To ba haka abin yake ba.

Ƙananan tsuntsayen nan masu rera waƙa da asuba, sanyi da laima suka saba da su. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, shi ya sa tsaunin ya zame musu kamar tsibiri, in sun gangaro ga zafi ga fili fetal, kuma da yawansu ko gona mai faɗi ba sa yarda su tsallake don tsoron shaho.

Waƙar ma ba nishaɗi ba ce. Galibi namiji ne ke yi, yana shelar nan wurina ne, yana kuma kiran mace. Abin muryarsa na can ƙasan maƙogwaro inda ya rabu biyu, har wasu kan fitar da sauti biyu lokaci guda, ikon Allah! Kuma ɗan tsako a bakin manya yake koyon ta.

Inda muka fi yin ɓarna ba mu sani ba shi ne ƙasan kurmin. Mutum ya ga manyan bishiyu a tsaye ya ɗauka lafiya lau, alhali wuta ta lashe busasshen ganyen da tsuntsun ke tonon tsutsa da ƙwari a ciki, dabbobi sun tattake ƙananan itatuwan da yake sheƙa. Shi kuwa in ya ci 'ya'yan itace, kashinsa ne ke shuka sabbi.

A tsibirin Kauai na jihar Hawai ta Amurka an yi wani tsuntsu da ake kira o'o, 1987 aka ji muryarsa ta ƙarshe, a 2023 Amurka ta sa shi cikin waɗanda suka ƙare.

Don Allah kafin a cinna wa ciyawa wuta a share layi tsakaninta da kurmi, itacen girki a ɗebi busasshe, a bar jerin bishiyun bakin rafi don ta nan tsuntsayen suke bi daga wannan kurmi zuwa wancan. Yara masu danƙo kuma a ja musu kunne, musamman lokacin ƙyanƙyasa.