Maƙalewar gwiwa bayan rauni

Maƙalewar gwiwa yanayi ne da gwiwa ke tsayawa a lanƙwashe, ta ƙi miƙewa gaba ɗaya, yawanci bayan ta murɗe yayin da ƙafa ke kafe a ƙasa. 'Yan ƙwallo sun fi kowa saninta, amma faɗuwa daga babur ko tashi da sauri daga tsuguno ma kan jawo ta.

Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi biyu masu lanƙwasa da ake kira meniskos, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kuma su ke rage gugar ƙasusuwa. Na cikin ya fi yawan yagewa. Idan ya tsage a tsaye, ɓallin kan juye ya faɗa tsakiyar gaɓar kamar mariƙin bokiti, sai ya tokare ta. Ɓarɓashin ƙashi ko guntun jijiyar da ta tsinke ma kan yi haka. Akwai kuma maƙalewar da babu abin da ya tokare, zafi da kumburi ne kawai suka ɗaure tsoka, kuma tana saki idan ciwon ya lafa.

A Bauchi da kewaye, mai ɗori ne zangon farko ga mutane da dama, a ce targaɗe ne ko gocewa, a ja, a murza, a ɗaure. A nan ja da ƙarfi ganganci ne, domin yana iya ƙara yagar, kuma kowane mako da ya wuce yana rage damar ɗinke guringuntsin. Kafin a ga likita, abin da ya dace shi ne a daina taka ƙafar, a dogara da sanda, a ɗaga ta, a riƙa ɗora ƙanƙara a cikin ƙyalle na minti 15 zuwa 20. Salla ma a zaune za a yi.

Likita kan tambayi yadda aka ji raunin, ya danna gefen gaɓar, ya gwada ƙarfin jijiyoyi. Hoton ƙashi yana nuna karaya, amma ba ya nuna meniskos, don haka jin cewa "hoto bai nuna komai ba" ba shaidar lafiya ba ce. Hoton MRI, wato na na'urar da ke nuna tsoka, jijiya da guringuntsi, shi ne ke fito da yagar, sai dai yana da tsada. Ana ganin likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, wasu kuma su nufi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Gwiwar da aka tabbatar wani abu ya tokare ta, galibi sai tiyata, ta ƙananan huji da ake zura kyamara. Gefen waje na meniskos, kusan kashi 1 cikin 3, yana samun jini, saboda haka ɗinki kan kama a wurin. Inda jini bai kai ba, sai a datse ɓallin. Likitoci sun fi son ɗinki, domin rage guringuntsi na gaggauta zaizayewar gaɓa, ko da yake jinyar ɗinki kan kai wata 3 zuwa 6 tare da gashin ƙashi, ta datsewa kuwa makonni ce.

Idan gwiwar ta yi zafi rau tare da zazzaɓi, ko ƙafar ta yi sanyi ta mutu, sashen gaggawa za a nufa a ranar.