Gudan jini a huhu: amsoshi ga masu shan maganin tsinka jini

Maganin yana narkar da gudan jinin?

A'a. Hana shi ƙaruwa yake yi, jiki ne ke narkar da shi sannu a hankali.

Likita zai iya gane wanda ke cikin haɗari tun ranar farko?

Zai iya ƙiyastawa. Ma'aunin sPESI na shekarar 2010 yana duba abu shida: shekaru sama da 80, ciwon daji, daɗaɗɗen ciwon zuciya ko na huhu, bugun zuciya 110 ko fiye a minti, awon jini na sama ƙasa da 100, da iskar oksijin a jini ƙasa da kashi 90 cikin ɗari. Wanda bai da ko ɗaya, haɗarin rasa ransa cikin kwana 30 kusan kashi 1 ne cikin ɗari.

Zan iya yin ƙaho ko shan ibuprofen idan jikina yana ciwo?

A'a. Duka biyun suna iya jawo zubar jini mai wuyar tsayawa.

Na samu sauƙi, yaushe zan daina?

Wata 3 shi ne mafi ƙaranci, abin da ya biyo baya kuwa ya danganta da dalilin gudan. Idan tiyata ce ta jawo shi ko karaya, sau da yawa akan tsaya a nan, domin dalilin ya wuce. Idan kuwa ya zo haka kawai, kusan mutum 1 cikin 10 yakan sake samunsa a shekarar farko bayan dainawa, shi ya sa likita zai iya cewa a ci gaba. Sai dai dole ya auna wannan da haɗarin zubar jini, wanda ke ƙaruwa da tsufa, ƙarancin jini, ciwon ƙoda, hawan jinin da ba a shawo kansa ba, da taɓa yin zubar jini a baya. Ma'aunan da likitoci ke ƙiyasta haɗarin zubar jini da su ba su cika dacewa da kowane majiyyaci ba, saboda haka akan sake zama a duba lokaci-lokaci. Kada ka yanke wa kanka hukunci don numfashi ya daidaita.

Mai shan warfarin, ɗaya daga cikin magungunan tsinka jini, zai bar zogale da alayyafo?

Kwantar da hankalinka, ci abinka. Abin gudu shi ne ka cika kwano da kwaɗon zogale wannan makon, mako mai zuwa ka ƙaurace masa, domin hakan na karkatar da awon INR, wato gwajin da ke nuna yadda jini ya tsinke, wanda ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3.

Yaushe zan garzaya asibiti?

Idan bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, fitsari ya yi ja, haɓo ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai mai tsanani ya taso farat ɗaya, kada ka jira gari ya waye.