Me Ya Sa Labarin Sulhu Ba Ya Kaiwa Nesa? Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa kafofin yaɗa labarai suka fi ɗaukar labarin rikici a kan na sulhu?

Rikici yana da rana da wuri da adadin waɗanda suka rasu, saboda haka edita yakan same shi a shirye. Shi kuwa sulhu aiki ne na watanni ko shekaru, kuma nasararsa sau da yawa ita ce abin da bai faru ba: ramuwar gayyar da aka fasa, ko makarantar da ba a rufe ba. Tun a 1965, masu bincike Johan Galtung da Mari Ruge sun nazarci jaridun ƙasar Norway, suka nuna cewa mummunan abu, da abin da ya auku farat ɗaya, da wanda ya shafi manyan mutane, su suka fi samun shiga. Mai sasanci na ƙauye ba ya cikin ko ɗaya daga cikin ukun nan.

To, wane irin labarin sulhu ne yake samun karɓuwa?

Wanda yake da mutum a tsakiyarsa da aiki guda da za a iya nunawa. A watan Yuni na 2018, lokacin da aka kai hare-hare a yankin Barkin Ladi na jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya fito ya tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. Labarin ya zagaya duniya, har gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Haka nan a Wajir da ke arewa maso gabashin Kenya, a 1993, Dekha Ibrahim Abdi da wasu mata sun fara da buƙata ƙarama, wato kowace mace ta shiga kasuwa ta yi ciniki ba tare da an tambayi danginta ba, kuma daga nan aikin ya bunƙasa har ya haifar da kwamitin zaman lafiya na gundumar. A ganina, kuskuren da ƙungiyoyi suka fi yi shi ne su aika da rahoton taro, da jerin manyan baƙi da hoton babban teburi, su bar dattijon da ya yi ta kai da kawowa tsakanin zango biyu har aka zauna.

Ta yaya ƙaramar ƙungiya za ta jawo hankalin ɗan jarida?

Ta san wakilin da ke bibiyar yankinta tun kafin ranar buƙata. Ta ba shi bayani gajere wanda ya faɗi wane ne ya yi me, a ina, yaushe, tare da mutanen da zai iya tuntuɓa daga ɓangarorin biyu, domin labarin da gefe ɗaya kawai ya bayar talla ne, kuma ɗan jarida mai sanin aikinsa zai ajiye shi. Ranar 21 ga Satumba, Ranar Zaman Lafiya ta Duniya, lokaci ne da editoci suke neman irin wannan labari da kansu.

Shin akwai lokacin da yin shiru ya fi alheri?

Akwai, kuma wannan ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. Sulhun da bai yi ƙwari ba yana iya rushewa idan aka bayyana shi, domin shugaban da ya amince da sassauci a ɗaki yana iya janyewa da zarar mabiyansa sun ji a rediyo, gudun kada a ce ya sayar da su. Matashin da ya ajiye makami, ko matar da ta kai saƙo a ɓoye, suna iya rasa ransu saboda hoto guda da aka ɗora a Facebook. Wajibi ne a nemi izinin kowa, a bayyana masa inda labarin zai kai, a sakaya suna da fuska idan ya nema, kuma a jira sai ɓangarorin sun yarda cewa lokacin magana ya yi. Dole ne kuma a guji ƙarin gishiri, domin mutanen wurin sun san gaskiya, kuma ƙarya ɗaya takan zubar da mutuncin mai shiga tsakani.

Wace kafa ce ta fi dacewa?

Wadda masu rikicin suke saurare, a harshen da suke ji, kuma a wurare da yawa rediyo ce. A Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya ingiza kisan ƙare dangi na 1994. Shekara guda bayan haka aka buɗe Studio Ijambo, ɗakin shirya shirye-shiryen rediyo, a Burundi, inda 'yan jarida daga ƙabilun Hutu da Tutsi suke fita aiki tare, suna tattara labaran mutanen da suka ceci maƙwabtansu na ɗaya ƙabilar, ana watsa su a tashoshin ƙasar.