Yarjejeniya mai sharuɗɗa 17: abin da aka yi wa Tibet alkawari, da waɗanda aka bari a waje

A ranar 23 ga Mayun 1951 wakilai biyar daga Lhasa, babban birnin Tibet, suka sa hannu a Beijing kan takardar da ta shigar da Tibet cikin Jamhuriyar Jama'ar Sin. Gwamnatin Sin tana kiranta yarjejeniyar 'yantar da Tibet cikin lumana, 'yan Tibet da ke gudun hijira kuwa suna cewa da tilas aka karɓi sa hannun.

Tun 1913 Lhasa take mulkin kanta, amma ikonta bai kai ko'ina da 'yan Tibet suke zaune ba. Yankunan Amdo da gabashin Kham, da ke kan iyaka da Sin, suna hannun sarakunan gargajiya da manyan gidajen ibadar Buddha, a samansu kuma akwai jagororin yaƙi na Sin. Da 'yan Kwaminis suka ci yaƙin basasar Sin a 1949, kowa ya shiga neman inda zai dafa. Ma Bufang, Musulmin da ke riƙe da lardin Qinghai, ya tsere daga ƙasar, a Saudiyya ya rasu a 1975. Liu Wenhui mai lardin Xikang ya juya wa Kuomintang, jam'iyyar da 'yan Kwaminis suka kayar, baya a watan Disamba, ya bi Mao, jagoran 'yan Kwaminis. Fadawan Panchen Lama, malamin Buddha na biyu a daraja a Tibet, da suka daɗe suna takun saƙa da Lhasa, suka aika wa Mao saƙon mubaya'a da sunan ubangidansu, yaro ɗan shekara 11. Yawancinsu ba son Kwaminisanci ne ya ja su ba. Tsohuwar gaba ce da Lhasa, da tsoro, da lissafin wanda zai yi rinjaye.

A watan Oktoban 1950 sojojin Sin suka ƙetare kogin Drichu, wato saman Yangtze, suka nufi garin Chamdo da ke gabashin Tibet. Cikin mako biyu gwamnan garin, Ngabo Ngawang Jigme, ya miƙa wuya. Tibet ta kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya, aka jingine maganar. Wannan Ngabo ɗin, da ya fito daga hannun sojojin da suka ci shi da yaƙi, shi ne ya jagoranci wakilan Tibet zuwa Beijing. Hatiman da suka buga wa takardar ma a can aka sassaƙa su.

Sharuɗɗan sun kasu biyu. Sin ta ɗauki ƙasa da makami: sharaɗi na 1 ya ce 'yan Tibet za su koma cikin babban iyalin ƙasar uwa, na 2 ya ɗora wa gwamnatin Lhasa taimaka wa sojoji su shigo, na 8 ya ce za a narkar da rundunar Tibet cikin ta Sin sannu a hankali, na 14 kuma ya miƙa hulɗa da ƙasashen waje ga Beijing.

Abin da aka ba Tibet alkawura ne. Na 4 ya ce ba za a taɓa tsarin mulkinta ko matsayin Dalai Lama, shugaban addini da mulkin Tibet, ba, jami'ai kuma za su ci gaba da zama kan kujerunsu. Na 7 ya kare addini da gidajen ibada da kuɗin shigarsu. Na 11 ya ce ba za a tilasta wani sauyi ba, gwamnatin Tibet ce za ta yi gyara da kanta, in talakawa sun nema a zauna da manyan ƙasa. Na 13 har ya hana soja ɗaukar ko da allura ko zare daga hannun jama'a.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na 12. Ya ce jami'in da a baya ya bi Kuomintang ko 'yan mulkin mallaka zai iya riƙe muƙaminsa, ba za a tono masa abin da ya wuce ba, muddin ya yanke hulɗa da su kuma bai yi zagon ƙasa ba. Ƙofa ce aka buɗe wa duk mai sarautar da ke son sauya sheƙa ba tare da ya rasa kujera ba, kuma da yawa sun shige ta. Sai dai takardar ba ta kafa kotu ko wani mai shiga tsakani ba. Na 15 ya tanadi kwamitin soja da mulki, da hedikwatar soja a Tibet. Mai alkawarin shi ne mai bindiga, shi ne kuma alƙali. Dalai Lama, yana ɗan shekara 16, ya aika da saƙon amincewa ranar 24 ga Oktoban 1951, lokacin sojoji sun riga sun iso Lhasa.

A nan ne aka zalunci mutanen kan iyaka. A wurin Beijing, Tibet ɗin da takardar take magana a kai ita ce ƙasar da Lhasa ke mulka. Amdo da Kham ta gabashin kogin Drichu an lissafa su cikin lardunan Sin, don haka sharaɗi na 11 bai rufe su ba. Ko Chamdo ba a mayar wa Lhasa ba, an ɗora mata kwamitin kanta. Daga 1955 zuwa 1956 aka fara ƙwace filaye da bindigogi a Kham, aka taɓa gidajen ibada. Sarakunan da suka karɓi muƙamai a hannun 'yan Kwaminis, wasunsu su ne suka ɗauki makami. A 1956 jiragen yaƙi suka yi wa gidan ibadar Litang ruwan bama-bamai. Waɗanda suka tsira suka kwararo Lhasa, a 1958 suka kafa rundunar Chushi Gangdruk ƙarƙashin attajiri Gonpo Tashi Andrugtsang.

Ranar 10 ga Maris 1959 Lhasa ta yi bore. Dalai Lama ya fice zuwa Indiya, ya ce yarjejeniyar ba ta hau kansa ba. Ranar 28 ga wannan watan Beijing ta rusa gwamnatin Tibet.

Waɗanda suka tsaya tare da Sin ma ba su gama daidai ba. Ngabo ya zama shugaban Yankin Tibet Mai Cin Gashin Kansa da aka kafa a 1965, ya rasu a Beijing a 2009. Panchen Lama ya rubuta doguwar takardar koke a 1962 kan yunwa da ɗaure-ɗauren da ya gani, aka tuɓe shi a 1964, ya yi shekaru a tsare. Phuntsok Wangyal, ɗan Batang da ya rungumi Kwaminisanci tun yana matashi, ya kuma yi aikin tafinta a zaman 1951, an ɗaure shi a 1960, bai fito ba sai 1978.