Ƙwayoyin NK da gwajin ƙarfinsu kan ciwon daji

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da ake kira NK (Natural Killer, wato makasa na asali), waɗanda aka gano a 1975. Aikinsu sintiri. Kusan kowace lafiyayyar ƙwayar jiki tana ɗauke da wata shaida a bayanta. Ƙwayar daji kan zubar da tata don ta ɓuya, kuma rashin shaidar nan ne ke tona mata asiri. Sai NK ta manne mata, ta huda fatarta da sinadarin farforin, ta zuba mata wani sinadarin kisa mai suna giranzayim, ta mutu.

Wannan aiki na cin abinci sosai. Da an zaburar da NK sai ta ƙara shan sukari. To amma cikin ƙari, wato kullutun daji, ƙwayoyin daji sun riga sun wawushe sukarin, iskar oksijin ta yi ƙaranci, tsamin laktik ya taru. Ga soja a bakin daga, ciki ba komai. Ƙiba ma na raunana NK, domin kitse kan cika ƙwayar har ta kasa harbi.

A ɗakin gwaji, ana ware fararen ƙwayoyi daga jini a haɗa su da K562, ƙwayoyin dajin jini da ake renonsu, marasa waccan shaida. Ana fara ɗura wa K562 ɗin kuromiyam-51, wani sinadari mai fitar da tururin radiyeshan, ko wani rini mai ƙyalli. Sai a wani ƙaramin rami na farantin gwaji a zuba fararen ƙwayoyi masu farmaki 50 kan kowace K562 guda, wani rami 25, wani ƙasa da haka, a ajiye awa 4 a zafin digiri 37. Duk wadda aka huda sai rinin ya tsiyaye, shi ake aunawa. Dole a bar rami biyu na kwatanci: ɗaya babu NK ko kaɗan, ɗaya an fasa komai da sinadarin wanki. Idan ramin farko yana tsiyaya da yawa, K562 ɗin ne ba su da lafiya, gwajin ya lalace.

Jinin da ya daɗe a ajiye ko aka daskarar yakan nuna rauni na ƙarya. Mura, rashin barci da magunguna irin su firedinisolon duk suna juya sakamakon, shi ya sa awo ɗaya ba ya isa a yanke hukunci.

Saboda haka jama'a, wannan ba gwajin gano daji ba ne. Mai tallar maganin "ƙara NK" kuwa, a yi hattara da shi. Wanda ya ji kullutu a jikinsa, ko zubar jini ba dalili, ko rama, ya nufi asibiti a ɗebi ɗan naman wurin a duba.